Farfesa Gureje, Tsofaffin Ibadan Da Gwaggona

A makon jiya na shafe kwana biyu cur a zaman wani kwamiti na tsangayarmu, irin zaman da kowane malamin jami'a yake jira da fargaba, wato na tantance takardun masu neman ƙarin girma. Kowa ya ɗaure ƙunshinsa ya miƙo, mu kuma aikinmu ƙidaya: maƙala nawa ya buga, a wace mujalla, sau nawa wasu masana suka ambace shi a nasu rubutun. Da aka tashi shan shayi, wani abokin aikina ya buɗe kwamfutarsa, ya shiga shafin Google Scholar, ya ce mu zo mu ga inda ake tasiri na gaske, ba irin namu na 'yan koyo ba. Sunan da ya rubuta shi ne Oye Gureje, farfesan ilimin cututtukan ƙwaƙwalwa a Jami'ar Ibadan. Alƙaluman da suka bayyana sun isa su sa mutum ya mayar da ƙunshinsa cikin jaka: ɗaruruwan maƙaloli, ambato dubun dubata. Aka yi ta jinjina kai. Ni kuwa na yi shiru, domin na san ɗaya daga cikin waɗannan ambato nawa ne, kuma na san abin da yake faruwa a gidanmu a daidai lokacin da nake rubuta shi.

Kafin in zo kan wannan, bari in gabatar da mutumin ga mai karatun da bai san shi ba, domin a wannan yanki namu sunansa bai cika fita daga zauren likitoci ba. Gureje likitan ƙwaƙwalwa ne wanda ya daɗe yana jagorancin cibiyar bincike da horarwa kan lafiyar ƙwaƙwalwa da ke Ibadan, mai aiki da haɗin gwiwar Hukumar Lafiya ta Duniya. Ya tarar da gida mai tarihi. Tun a 1992 likitocin Ibadan suka haɗa hannu da takwarorinsu na birnin Indiyanafolis a Amurka, suka shiga kwatanta tsofaffin Yarabawa da tsofaffin baƙaƙen fatar Amurka game da cutar mantuwa, wadda mu a nan muka fi sani da gigin tsufa. Sakamakon da suka buga a 2001, wanda Gureje yake cikin marubutansa tare da irin su Adesola Ogunniyi da Olusegun Baiyewu da Hugh Hendrie, ya nuna cewa a kowace shekara kashi 1.35 cikin 100 na tsofaffin Ibadan ne suke kamuwa da cutar, alhali a Indiyanafolis adadin ya kai kashi 3.24. Wannan bambanci ya sa masana suka ƙara mayar da hankali ga abinci da hawan jini da yanayin zama, tunda ga al'ummomi biyu da asalinsu bai yi nisa da juna ba amma rabonsu daga cutar ya sha bamban.

Aikin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wanda ya biyo baya, wato Nazarin Tsufa na Ibadan. Tsakanin 2003 da 2004 ayarin Gureje ya bi gida-gida a jihohi takwas da ake jin Yarabanci, birni da ƙauye, suka zauna da tsofaffi 2,152 masu shekara 65 zuwa sama. Suka tambaye su barci, cin abinci, ciwon jiki, wanda yake ziyartarsu, abin da suke iya yi wa kansu da wanda ya gagare su. Bayan wasu shekaru suka sake komawa ga mutanen nan dai, suka sake komawa, domin a ga wanda ya rasu, wanda ya naƙasa, wanda tunaninsa ya fara gushewa. A 2007 suka buga wani ɓangare na sakamakon a mujallar The Lancet. Kimanin kashi 26 cikin 100 na tsofaffin sun taɓa fama da ciwon damuwa mai tsanani a rayuwarsu, wato mutum ɗaya cikin huɗu, kuma kimanin kashi 7 suna cikinsa a shekarar da ta gabaci tambayar. Ya fi yawa ga mata, ya kuma fi yawa ga mazauna birni. Mafi yawan waɗanda suka yi ciwon ba su taɓa samun wani magani a kansa ba. Daga baya, a bibiyar da aka yi, an ga cewa kaɗaici da yankewa daga hulɗar jama'a suna cikin abubuwan da ke tare da saurin kamuwa da cutar mantuwa.

A lura da abin da waɗannan alƙaluma suka rushe. Mun taso muna faɗa wa kanmu, muna kuma faɗa wa ɗalibanmu, cewa damuwar tsufa ciwon Turawa ce, su da suke kai iyayensu gidan ajiye tsofaffi. Mu kuwa muna da gandu, muna da jikoki, muna da zumunci. To ga tsofaffi a tsakiyar 'ya'yansu da jikokinsu, a ƙasar da ake durƙusa wa babba, amma ɗaya cikin huɗu ya ɗanɗani wannan ciwo. Ashe cikar gida ba ta hana mutum zama shi kaɗai.

Yanzu ga nawa labarin. Shekara goma da 'yan kai da suka wuce ina rubuta kundin digirina na uku a fannin nazarin zamantakewa, kan yadda ƙaura zuwa birni take sauya zaman iyali. A babi na biyu, inda ake bitar ayyukan da suka gabata, na kawo wannan maƙala ta The Lancet, na rubuta alƙalumanta daidai, na ma ƙara da sharhi mai daɗin karatu. Mai duba aikina ya ja layi a gefen sakin ya rubuta yabo. A wannan shekarar ce mijin gwaggona, ƙanwar mahaifina, ya rasu. Ta gama takaba, aka ɗauko ta daga garinsu aka kawo ta gidanmu a birni, aka ba ta ɗaki mai fanka da tabarma sabuwa, muna ganin mun sauke nauyi. Mace ce da a da ba a biki ko suna a unguwarsu sai da ita, mai baki, mai barkwanci, wadda take tsokanar jikoki har su yi kuka. Sai ta fara janyewa. Abinci sai an yi da gaske take kai loma biyu. Asuba ta fari tana zaune a kan shimfiɗa idonta biyu. In an gaishe ta sai ta ce lafiya lau, ta juya fuska bango. Kullum kukanta ɗaya: jiki ba ƙarfi, kai yana nauyi, ƙirji yana zafi.

Muka kai ta asibiti ba sau ɗaya ba. Aka ba ta maganin zazzaɓin sauro, aka ba ta na taifot, aka ba ta na gyambon ciki, aka ƙara mata ruwa. Matan gida suka ce tsufa ne, a ƙyale ta. Wata 'yar uwa ta ce sammu ne daga dangin mijin saboda gado, wani ya kawo rubutu, wani ya kawo hayaƙi. Ni da nake da alƙaluman Gureje a cikin kwamfutata, nake wucewa ta ƙofar ɗakinta kowace safiya in ce “Gwaggo, an tashi lafiya?” in kama hanyar ofis, ban taɓa haɗa abin da na rubuta da matar da ke zaune a gabana ba. Kusan shekara biyu muka yi a haka. Wani matashin likita ne, a wata ziyara da muka je saboda hawan jini, ya ajiye alƙalaminsa ya ce, “Inna, in dare ya yi me kike tunani?” Ta yi shiru har na zaci ba za ta amsa ba, sai hawaye. Ta ce tunanin da take yi shi ne me ya rage mata a duniya. Ya tura mu wurin likitan ƙwaƙwalwa, aka ɗora ta a kan magani, aka ce mu yi haƙuri domin sai ya yi makonni kafin a ga aikinsa, aka kuma ba mu shawarar da ba ta buƙatar ko kwabo: a mayar mata da wani abin yi, a riƙa kai ta cikin tsararrakinta.

Saboda haka da abokin aikina ya nuna mana allon kwamfutarsa, abin da na gani shi ne iyakar wannan ma'auni. Ambatona yana cikin lissafin. Injin ya ƙidaya ni a matsayin shaidar cewa binciken ya yi tasiri, alhali binciken bai iya tsallaka taku ashirin da ke tsakanin teburina da ɗakin Gwaggo ba. Laifin ba na mai binciken ba ne, nawa ne. Amma ma'aunin bai san wannan ba, kuma ba a gina shi don ya sani ba. Ma'aunin da muka fi rantsuwa da shi a yau, wanda wani masanin kimiyyar fiziya mai suna Jorge Hirsch ya fito da shi a 2005, lissafinsa mai sauƙi ne: idan aka ce makinka 20, ana nufin kana da maƙala 20 da aka ambaci kowace ɗaya aƙalla sau 20. Abin da yake aunawa shi ne yawan hirar da masana suke yi da junansu a kanka. Kuma duk wanda ya san harkar ya san cewa shiga manyan ayyukan ƙasa da ƙasa masu marubuta da yawa, irin binciken lafiyar ƙwaƙwalwa na duniya da Gureje ya jagoranci ɓangarensa na Najeriya, yana ɗaga wannan maki fiye da kowane aikin da mutum zai yi a ƙauye.

Kada a fahimce ni baibai. Ba na cikin masu cewa a jefar da ƙidaya. Na zauna a kwamitoci da yawa, na kuma ga abin da ke faruwa idan babu alƙalami a tsakani: sanayya ce take yin alƙalanci, da ɗan wane da surukin wane. Lissafin ambato, duk da makantarsa, ya ceci malamai da yawa marasa uwa a gindin murhu. Abin da nake cewa shi ne, girman aikin Gureje yana wani wuri da allon bai nuna ba, kuma can ne ya kamata ɗalibanmu su duba.

Bayan ya ƙidaya masu ciwon, bai tsaya nan ba, ya juya ga tambayar da ta fi wuya: wa zai yi musu magani? Ƙiyasin da ake yawan ambata shi ne likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200, kuma akasarinsu suna manyan birane. Tsohuwar da ke ƙauye ba za ta taɓa ganin ko ɗaya ba. Wanda za ta gani shi ne malamin asibitin sha-ka-tafi, ko ungozoma, ko mai maganin gargajiya, ko malamin addini. A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani littafin jagora mai suna mhGAP, wanda yake koya wa ma'aikacin lafiya da ba ƙwararre ba yadda zai gane ciwon damuwa da farfaɗiya da cutar mantuwa da makamantansu, ya kula da abin da zai iya, ya tura abin da ya fi ƙarfinsa. Gureje da abokan aikinsa suka daidaita shi da yanayin Najeriya, suka gwada horar da ma'aikata da shi a Jihar Osun. Daga nan suka yi wani gwaji a ƙananan asibitocin Jihar Oyo, wanda aka buga a 2019, inda aka kwatanta wata sabuwar hanyar kulawa mai matakai da suka tsara da kulawar ma'aikatan da aka horar da jagoran kawai. Bayan shekara guda kimanin kashi uku cikin huɗu na masu ciwon damuwa sun samu sauƙi a ɓangarorin biyu. Wato sabuwar hanyar ba ta fi ba, kuma haka suka rubuta. Ina so ɗalibaina su karanta wannan sakamako sau biyu. Na farko don su ga mai bincike yana bayyana abin da bai zo daidai da fatansa ba. Na biyu don su ga cewa ma'aikacin ƙaramin asibiti, in an koya masa tambayar da zai yi, yana iya aikin da muke zaton sai farfesa.

Sai kuma gwajin da ya fi kowane ƙarfin hali, wanda aka yi a Ibadan da Kumasi ta ƙasar Gana aka buga a The Lancet a 2020. Wannan bai keɓanta da tsofaffi ba, kan masu taɓin hankali mai tsanani ne, su kimanin 300, waɗanda danginsu suka kai gidajen masu maganin gargajiya da na masu addu'a. Maimakon a yaƙi waɗannan gidaje, sai aka haɗa masu su da ma'aikatan lafiya, ma'aikacin yana zuwa yana duba marar lafiya a inda yake kwance, yana ba da magani, mai gidan yana ci gaba da nasa. Waɗanda aka yi wa wannan haɗin gwiwa sun fi samun sauƙi bayan wata shida, kuma ɗaure marasa lafiya da mari ya ragu ƙwarai. Duk wanda ya tuna abin da aka gano a gidajen mari na Kaduna da Daura a 2019 ya san wannan magana ba ta yi nisa da mu ba. Tunanin kansa yana da asali a ƙasar nan: a 1954 Thomas Adeoye Lambo ya fara kwantar da masu taɓin hankali a gidajen ƙauyen Aro kusa da Abekuta, tare da danginsu, yana aiki da masu maganin gargajiya. Abin da Gureje ya ƙara shi ne awo, irin awon da ma'aikatar lafiya ba za ta iya kauda kai daga gare shi ta ce labari ne ba.

Ko da haka, gaskiya ita ce tsakanin mujalla da ƙofar asibiti akwai tafiya mai nisa, kuma ba mai bincike ne yake riƙe da linzamin ba. Har zuwa Janairun 2023, lokacin da aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, dokar da muke aiki da ita ta 1958 ce, wadda ta samo tushe daga ta Turawan mulkin mallaka ta 1916, mai kallon marar lafiya a matsayin abin tsarewa. Dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa an sa mata hannu a 2018, cibiyar ba ta fara aiki ba sai 2021. Cibiyar kula da lafiyar tsofaffi ta farko da aka gina don wannan aiki a ƙasar nan, a asibitin koyarwa na Ibadan take, an buɗe ta a 2012. Ba mamaki a can ta fara tsiro, inda aka yi shekara ashirin ana tara hujja.

Mu fa? An yi ƙananan nazarce-nazarce a arewa, har da wanda aka yi kan cutar mantuwa tsakanin tsofaffi ɗari uku da 'yan kai a Zariya aka buga a 2011, kuma waɗanda suka yi su sun cancanci yabo. Sai dai ɗaukar hoto sau ɗaya daban, bin mutum dubu biyu shekara da shekaru daban. Alƙaluman ƙasar Yarabawa suna haska mana hanya, amma ba za su amsa tambayoyinmu ba. Me zaman kulle yake yi wa matar da ta tsufa ta rasa miji? Yaya tsohon da 'yan bindiga suka raba da gonarsa a Zamfara, ko wanda ya shekara goma a sansanin gudun hijira a Maiduguri, yake kwana? Me majalisar ƙofar gida da sahun masallaci suke tsare wa dattijo namiji wanda tsohuwa ba ta samu? Har harshen ma aiki ne. Kalmar damuwa a bakin Bahaushe tana ɗaukar komai, daga rashin kuɗin cefane har zuwa ciwon da ke sa mutum ya gaji da rai. Gigin tsufa kuwa buhu ne da muke zuba duk abin da ba mu gane ba a ciki: cutar mantuwa ta haƙiƙa, wadda ba a warkewa amma ana iya sauƙaƙa wa mai ita da masu jinyarta, da ciwon damuwa mai kama da mantuwa wanda magani yake ɗauke shi, da ruɗewar kwana biyu da zazzaɓi ko ciwon mafitsara ko tarin magunguna suke jawowa. Tsohuwar da aka jefa a buhun nan ba a sake tambayarta komai, wani lokaci ma, in ta fara sambatu, a laƙa mata maita. Rarrabe waɗannan kalmomi aiki ne da likita shi kaɗai ba zai iya ba, sai da masanin harshe da masanin zamantakewa, kuma dukkansu suna cikin jami'o'inmu, a tsangayoyin da katanga ɗaya ta raba amma ba sa gaisawa.

Dalilin rashin gaisawar yana cikin ƙunshin da muka zauna muna ƙidayawa. Malamin da yake son ƙarin girma cikin shekara uku ba zai fara aikin da sai bayan shekara biyar zai haifi maƙalar farko ba. Ya fi masa sauƙi ya raba wa ɗalibansa takardar tambayoyi ɗari biyu, ya yanka sakamakon gida uku, ya biya wata mujalla ta buga masa. Wanda ya fassara ma'aunin gane ciwon damuwa zuwa Hausa ya gwada ingancinsa, ko ya horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci hamsin, ko ya shekara yana bayani a rediyo, a takardar makinmu duk wannan yana faɗawa ƙarƙashin hidimar al'umma, mai maki ƙalilan da ba ya ɗaga kowa. Tun a 2012 wasu masana da editocin mujallu suka tsara sanarwar San Faransisko, suna kira da a daina auna mai bincike da sunan mujallar da ya buga a ciki, a dubi aikin kansa. Na kawo wannan a rana ta biyu ta zamanmu, na ba da shawarar a ƙara shafi ɗaya a takardar, inda mai nema zai bayyana, da hujja, wanda aikinsa ya isa gare shi a wajen jami'a. Shugaban zaman ya saurare ni da kyau, ya ce shawara ce mai ma'ana, a rubuta ta a tura sama. An rubuta.

Gwaggo ta yi shekara shida bayan wannan kafin Allah ya karɓi abinsa. Ba ta koma yadda take a da gaba ɗaya ba, amma ta koma cin abinci, ta karɓi ragamar tsintar shinkafa da rainon 'yar autarmu, ta kuma samu wata tsohuwa a maƙwabta da suke musu kan wanda ya fi wani iya daddawa. Wata rana ta tarar da ni a tsakar gida da kundin digirin a hannuna, an ɗaure shi da baƙin bango da rubutun zinare. Ta ɗaga shi ta ji nauyinsa, ta ce, “Ɗan nan, duk wannan me ka rubuta a ciki?” Na ce mata a kan tsofaffi ne. Ta dube ni, ta dubi littafin, ta ce, “To, Allah ya sa su ji.”